Na ƙara farashi a manhaja, amma tsohon kuɗi ya tafi wa kwastoma

Dan_Fagge_Dizain

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan abu biyu da suka haɗe mini wuri guda. Sana'ata gina shafukan intanet da zanen tambari, kuma kusan shekara biyu ke nan ina amfani da wata manhaja wajen haɗa takardar tayin aiki da nake tura wa kwastomomi. A cikinta akwai kundin farashi inda na jera ayyukana, kowanne da kuɗinsa. Watan jiya na zauna na yi lissafi, na ga ba zan iya ci gaba da gina shafi a kan naira 250,000 ba, sai na shiga kundin na mayar da shi 340,000. Na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaranjiya wata makaranta mai zaman kanta ta nemi in tura mata tayi. Na buɗe samfurin da na saba amfani da shi, wato shiryayyar takardar tayi da nake kwafa wa kowane kwastoma, na sa sunansu, na tura da sauri saboda la'asar ta yi. Da dare sai ga saƙo cewa shugaban makarantar ya sa hannu. Ina dubawa na ga 250,000 ne a rubuce. Tsohon farashin ne ya tafi.

Tambayata ta farko, yaya ake sauya farashi a irin waɗannan manhajoji ya zama ya sauya a ko'ina? Ta biyu kuma, wadda ta hana ni barci, in koma in ce masa kuskure ne, ko in yi aikin in haƙura da 90,000?

Kwamfutar_Jos

Wa alaikumus salam Malam. Ta farkon ita ce mai sauƙi. Farashinka ba wuri ɗaya yake zaune ba, wuri uku ne. Akwai kundin, akwai samfurin da ka ajiye, akwai kuma kowace takarda da ka riga ka buɗe wa wani kwastoma. Ranar da ka ɗauko aiki daga kundi ka jefa cikin samfuri, manhajar kwafe farashin wannan ranar take yi ta ajiye a can. Daga nan sun rabu. In ka gyara kundi, sabon abin da ka ɗauko daga baya ne kawai zai zo da sabon kuɗi.

Kuma da gangan ake tsara su haka. Ka yi tunani, da a ce duk sanda ka taɓa kundi sai takardun da ke hannun mutane su sauya, da wanda ya karanta 250,000 da safe zai buɗe da yamma ya ga wani abu daban. Ba wanda zai yarda da takarda irin wannan. Abin yi shi ne ka buɗe kowane samfuri, ka goge layin aikin gaba ɗaya, ka sake ɗauko shi daga kundi. Kada ka tsaya gyara lambar da hannu, don sau da yawa akwai bayanin aiki da kai ma ka sabunta a kundin.

Hajiya_Kwalliya_KD

Ɗana, ka yi aikin kawai. Ni shekarata goma sha ɗaya ina ƙawata wurin biki, kuma abin da na koya shi ne mutum yana manta kuɗin da ya biya amma ba ya manta ranar da ka janye maganarka. Makaranta ce fa. Iyayen yara nawa ne za su ga shafin? Dubu casa'in ɗin nan ka ɗauke ta a matsayin kuɗin talla.

Injiniya_Sola_Zariya

Hajiya, da girmamawa, ban yarda a yanke haka kai tsaye ba. Ya danganta da abin da ke cikin 90,000 ɗin. In ribarsa ce ta ragu, to ya haƙura. In kuwa uwar kuɗi zai taɓa, wato sai ya ciro daga aljihunsa ya cika, wannan wata magana ce daban.

Ni abin ya taɓa cin ni a farkon 2024. Na tura wa wani asibiti tayin haɗa sola, batura da inbata da faifai, ban sa ranar da tayin zai daina aiki ba. Suka yi shiru mako bakwai. Ranar da suka kira suka ce sun amince, dala ta riga ta haura 1,500, kuma baturin da na lissafa a wancan lokacin ko kusa da kuɗin ba a samunsa a kasuwa. Na je na zauna da su, na buɗe musu rasit na dila na da da na yanzu. Mun raba asarar biyu. Tun daga ranar duk tayin da ke da kaya a ciki kwana bakwai nake ba shi, wanda aikin hannu ne zalla kwana talatin. Kusan duk manhajojin nan suna da gurbin ranar ƙarewa, mutane ne ba sa cikawa.

Dan_Fagge_Dizain

@Kwamfutar_Jos na gode ƙwarai, na duba yanzu, samfura shida gare ni kuma huɗu duk tsohon kuɗi ne a ciki. Har da daftari biyu da ban tura ba tukuna. Allah ne ya kiyaye.

@Injiniya_Sola_Zariya gaskiya akwai uwar kuɗi a ciki. Na haɗa kuɗin hostin da domen, wato hayar wurin ajiye shafin a intanet da adireshinsa, na shekara ɗaya a cikin farashin, kuma da dala nake biya.

Akanta_Gusau

To nan ne asalin ciwon, ba a manhaja ba. Ka cuɗa abu biyu da ba tafiyarsu ɗaya ba a layi guda. Ladan hannunka yana sauyawa ne lokacin da kai ka ga dama, wataƙila sau ɗaya ko biyu a shekara. Kuɗin hostin kuwa yana bin dala, kuma dala ba ta neman izininka. Ka duba, abin da ake biya dala 120 a shekara, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460 a kowace dala kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, bai wuce 55,200 ba. A kan 1,500 ya zama 180,000. Kaya ɗaya ne, ba abin da ya ƙaru a cikinsa.

Shawarata ka raba kundinka gida biyu. Layin aikinka daban, layin abin da kake saya wa kwastoma daban, kuma a ƙarƙashin na biyun ka rubuta cewa an lissafa shi a kan canjin rana kaza, za a daidaita ranar biya. Kwastoma mai hankali ba ya faɗa da wannan, don shi ma yana sayen kaya a kasuwa ɗaya da kai.

Sannan wani abu da nake gani kullum a takardun da ake kawo mini in duba: harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da ayyuka. Tun Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, amma har yau ina cin karo da samfurin da ke ɗauke da kashi 5, don mai shi ya kwafo shi daga tsohuwar takarda. In kana cikin masu karɓar harajin, ka duba ko manhajar tana ɗora shi a kan farashi ne ko tana ɗauka yana ciki. A kan 340,000, in an ɗora, kwastoma zai biya 365,500. In kuwa aka ɗauka yana ciki, abin da zai rage maka bai kai 316,300 ba. Maɓalli ɗaya ne ya raba su.

Sabon_Shiga_01

Don Allah me zai hana kawai mu riƙa rubuta farashin da dala? Ai an huta da duk wannan lissafin.

Akanta_Gusau

A'a ƙanena, kada ka fara. Naira ce kuɗin da doka ta sani a cinikin cikin gida, kuma Babban Banki ya sha gargaɗi a kan sa wa kaya ko aiki farashi da kuɗin waje a cikin Najeriya. In kwastomanka yana Ingila ko Dubai, wannan daban. Amma makaranta a Kano, ka rubuta mata naira. Kai a cikin littafinka ka lissafa da duk abin da ka ga dama.

Malam_Na_Tudun_Wada

Ina so in koma kan tambaya ta biyu, don na ga an wuce ta da sauri. Ɗan'uwa, kai ka yi tayi, shi ya karɓa, ya sa hannu. A fiƙihu wannan ijabi da ƙabuli ne, ƙulli ya ƙullu, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce a cika alƙawura. Ba ka da ikon warwarewa kai kaɗai.

Sai dai shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Akwai abin da malamai ke kira iƙala, wato wanda ya yi nadamar ciniki ya roƙi ɗan'uwansa a warware ko a sake zama, kuma hadisi ya zo da falala ga wanda ya amsa wannan roƙo. Bambancin shi ne roƙo za ka yi, ba sanarwa ba. Ka je da ƙafarka, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ka nuna masa ranar da ka sauya kundin. In ya ƙara maka, alhamdu lillahi. In ya ce a'a, ka yi masa aikin da kyau kamar ya biya cikakke. Abin da bai halatta ba shi ne ka yi shiru ka karɓi 250,000 sannan ka rage ingancin aikin a ɓoye don ka fanshe.

Hajiya_Kwalliya_KD

Malam ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni har yanzu da ɗana ne da na ce kada ma ya roƙa. Farkon hulɗa ne. Kada abin da za su fara sani a kanka ya zama cewa ba ka duba takarda kafin ka tura.

Yar_Katsina_Hoto

Anti Hajiya, ni na ga ɗaya gefen. Ina ɗaukar hoto a bukukuwa da taruka. Na taɓa yin shiru irin wannan, na yi wa wata ƙungiya aiki a kan tsohon farashi ban ce komai ba. Abin da ya biyo baya, suka haɗa ni da wasu ƙungiyoyi uku, kowacce ta zo tana cewa ai an gaya mana kaza kike karɓa. Shekara guda ina fama in fita daga wannan farashin. Shirun da na yi ya zama farashina a bakin mutane.

Yanzu ga yadda nake yi in zan rage wa wani. Ba na taɓa ainihin farashin layin. Ina barin sa yadda yake, sai in ƙara layin rangwame a ƙasa, in rubuta dalili, misali rangwamen aikin farko. Mutum ya ga cikakken kuɗin da idonsa, ya ga abin da aka yafe masa. Gobe in ya dawo ba zai ce an yi masa ƙari ba. Yaya Dan_Fagge, ko da ka yanke shawarar haƙura, a takardar biya ka rubuta 340,000, ka cire 90,000 a matsayin rangwame, jimla ta sauka a 250,000 ɗin da ya sa wa hannu. Ba ka karɓi sisin da bai amince da shi ba, amma ya san darajar abin da ya samu.

Kwamfutar_Jos

Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai a kula da lissafin kashi, don yana ruɗar mutane. In ka ƙara kashi 20 a kan 100,000 ya zama 120,000, sannan ka ba tsohon kwastoma rangwamen kashi 20 da nufin ya koma inda yake, ba 100,000 zai biya ba, 96,000 zai biya. Ka yi ƙari amma ka koma ƙasa da inda ka taso. In kana son mutum ya tsaya a tsohon kuɗinsa, ka sa rangwamen da adadin naira, kada ka sa da kashi.

Kuma tunda an zo nan, masu amfani da manhajar Zoho Books akwai jerin farashi na musamman da za ka iya ƙirƙira, ka ce a ɗaga ko a sauke kashi kaza a kan ainihin farashi, sannan ka liƙa wa wasu kwastomomi kaɗai. PandaDoc da Proposify su ma suna da wurin ajiye ayyuka da kuɗinsu da teburin farashi a cikin takarda. Sunaye ne suka bambanta, amma ka'idar da na faɗa a sama ita ce abin dubawa a kowacce: ka gwada da kanka, ka sauya farashi ɗaya, ka buɗe tsohon samfuri ka ga ko ya bi.

Dan_Maradi_Impression

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ina Maraɗi, ina da wurin buga takardu da allunan talla. Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya, don haka takardar da muke kira devis takan yi wata uku ba ta motsa ba in dai kayan daga Turai suke. Amma kada ku ɗauka mun tsira. Yawancin takarda da tawada daga Kano nake sayo su, to ni lissafina kullum yana kan canjin naira da sefa a kasuwa. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yi wuya, abin da na yi wa mutum alƙawari a kan jika ɗari sai da ya ci mini fiye da haka kafin in kammala. Kuma harajinmu na TVA, wato VAT ɗinmu, kashi 19 ne, kuskure a kansa ba ƙaramin rami ba ne.

Abin da nake yi yanzu, kafin alƙalami. Duk wanda ya sa hannu sai ya ba da rabin kuɗi cikin kwana uku, in sayi kayan nan take. In bai bayar ba tayin ya faɗi. Na rubuta wannan a cikin samfurin kansa don kada in manta.

Injiniya_Sola_Zariya

@Dan_Maradi_Impression wannan shi ne maganin. Sa hannu ba ya sayen batir, kuɗi ne ke saya. Ni kashi 70 nake karɓa.

Bahaushen_Kumasi

Mu ma a Gana mun ga irin wannan a 2022 da kuɗinmu sidi ta faɗi warwas. Amma ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri in na karkatar da zancen. Sababbin kwastomomi ba su da wahala, farashin da suka tarar shi suka sani. Tsofaffin fa? Ina da mutum takwas da nake kula musu da shafukan sada zumunta duk wata, manhajar ce ke tura musu takardar biya da kanta ranar ɗaya ga wata. Wasu shekara uku ke nan kuɗin bai motsa ba. Kunya ta hana ni magana, don wasunsu tare muke sallah.

Akanta_Gusau

@Bahaushen_Kumasi wannan shi ne wuri na huɗu da farashi ke ɓuya, bayan ukun da Kwamfutar_Jos ya lissafa. Takardar da ke maimaita kanta duk wata ita ma da nata kwafin take tafiya, ko ka gyara kundi ba za ta ji ba. Amma kada ka shiga ka sauya ta a ɓoye mutum ya wayi gari ya ga sabon adadi. Ka ba su sanarwar wata guda ko biyu, a rubuce, da ranar da sabon kuɗin zai fara.

Hajiya_Kwalliya_KD

Kuma ka kira su a waya kafin takardar ta isa. Mu mutanenmu ba sa son su ji labari daga na'ura. Lokacin da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin motar da ke kai mini kujeru da rumfuna ya ninka. Na zauna na kira matan da na saba yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, muka gaisa, na tambayi yara, sannan na faɗa. Biyu ne kawai suka tafi, ɗayar ma ta dawo bayan sallah. Kunyar da kake ji, su ma sun san abin da kasuwa take ciki, wataƙila suna mamakin yadda ka daɗe ba ka ƙara ba.

Sabon_Shiga_01

To kashi nawa ya kamata mutum ya ƙara? Ni ina tsoron in ƙara su gudu.

Yar_Katsina_Hoto

Ba wanda zai faɗa maka adadi, sai littafinka. Ka rubuta abin da aiki ɗaya yake ci: data, wuta ko man janareta, kuɗin mota, manhajojin da kake biya, da kwanakin da kake ɓatawa. Masu layin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka ware su fi samun wuta, sun ga yadda aka kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, wanda ke aiki da kwamfuta dare da rana a irin wannan unguwa lissafinsa ba zai zo ɗaya da na wani ba. Ni kuma na fi son ƙari kaɗan sau biyu a shekara a kan in yi shekara uku shiru sannan in ninka rana ɗaya. Wanda aka ninka wa shi ne yake gudu.

Malam_Na_Tudun_Wada

Ina ƙara jan hankali a kan shawarar rangwame da 'yar'uwa ta kawo. Tana da kyau matuƙar 340,000 ɗin shi ne farashin da yake karɓa da gaske a wurin kowa. Abin da ake gudu shi ne mutum ya ƙirƙiri babban adadi da bai taɓa sayarwa a kai ba don kawai a ga ya yi ragi. Wannan yaudara ce ko da manhaja ce ta buga ta.

Yar_Katsina_Hoto

Haka ne Malam, na yarda. Farashin gaskiya nake nufi.

Kwamfutar_Jos

Abu ɗaya da ban faɗa ba ɗazu. Malam Dan_Fagge, kada ka yi ƙoƙarin shiga takardar da aka riga aka sa wa hannu ka gyara adadin. Galibi manhajar kulle ta take yi, kuma tana ajiye tarihin wanda ya buɗe da wanda ya taɓa da lokacin. In kun daidaita a kan sabon kuɗi, ka buɗe sabuwar takarda ko ƙarin yarjejeniya mai nuni ga ta farko, ya sake sa hannu. Ta farkon ka bar ta yadda take.

Dan_Fagge_Dizain

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Yau da safe na je makarantar na samu shugaban, dattijo ne mai natsuwa. Na faɗa masa abin da ya faru, na nuna masa kundin a wayata. Ya ce kwamitinsu ya riga ya amince da 250,000 kuma ba zai iya komawa ya nemi ƙari a wannan zangon ba, amma kuɗin hostin da domen makarantar za ta biya da kanta kai tsaye, tunda dama da sunanta ya kamata su kasance. Wannan ya sauke mini fiye da rabin nauyin. Sauran na sallama, kuma zan rubuta shi a matsayin rangwame kamar yadda 'yar'uwa ta ce.

Samfura shidan na mayar da su uku, na goge layukan na sake ɗaukowa, na sa wa kowanne kwana goma sha huɗu. Abin da ban warware ba shi ne mutum biyu da na tura wa tayi tun kafin ƙarin, ba su amsa ba har yau, kuma babu ranar ƙarewa a takardunsu. In janye ne, ko in bar su?

Injiniya_Sola_Zariya

Ka tura musu saƙo yau cewa tayin yana nan har ranar Juma'a, bayan nan sabon farashi ne.

Hajiya_Kwalliya_KD

Juma'a ta yi kusa, Injiniya. Wani sai ƙarshen wata kuɗi ke shigo masa. Ya ba su zuwa biyar ga watan gobe, kuma ya kira, kada ya tsaya a saƙo.

Bahaushen_Kumasi

Ni dai na kira biyu daga cikin takwas ɗin nawa da yamman nan. Ɗaya ya amince nan take, ɗayan ya ce zai yi shawara da abokin kasuwancinsa. @Akanta_Gusau in sun amince a waya, dole sai na sake tura musu sabuwar takarda su sa hannu, ko gyara ta wata-watan ya isa?